Malamar Ɓeraye da Shirun Bayan Azahar

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Malama. Bazara bakwai ta zo ta wuce, an yi shuka an girbe, an sake yi an sake girbewa, ni kuwa ina nan Gumel, a tsakar gidan da labarin ya same ni. Ban san biro ba, ban taɓa zama a aji ba. Faɗa nake ana rubutawa, na kuma ce a rubuta yadda na faɗa, kada a yi wa maganata kwalliya. Sunanta ba zai fito daga bakina ba, don 'yar farina ce. Bakin da bai saba ba tana raye ba yanzu zai koya ba. Malama kowa ke ce mata, ku ma ku riƙe haka.

A Sule Tankarkar na haife ta, ina yarinya ɗanya. Ranar da aka yaye ta sai ga yayar mijina daga Gumel da zanen goyo a kafaɗa. Ita Allah bai ba ta haihuwa ba, kowa kuma ya san ɗan fari ba na uwa ba ne. Ta sunkuya, aka ɗora mata yarinya, ta ɗaure zane, ta fita. Ni ina cikin ɗaki ina tsintar wake, ban ɗaga kai ba, don haka ake yi. Yara Gwaggo suke ce mata, har sunan ya bi gari. Ni Yaya nake kiranta. Ita kuma tun ranar da aka kawo ni gidan ƙaninta take ce mini Amarya, har na yi furfura ba ta sake ba. Yarinya ta tashi tana jin haka, ita ma ta ɗauka. Abin da 'yata ta kira ni ke nan har ta koma ga Allah: Amarya.

Gwaggo ce ta sa ta boko, a zamanin da ake ɓoye 'yan mata a rumbu in an ji masu ɗaukar yara sun shigo unguwa. Ita ta sayar da akuyarta ta saya mata akwati. Ita ta yi faɗa da duk wanda ya ce karatu ya isa haka. Wannan kada a manta shi in an ji sauran labarin.

Mahaifinta, Allah Ya jiƙansa, fataucin awaki da tumaki yake yi a kasuwar Maigatari. Mutum ne mai jiki, mai kaurin wuya, mai minsharin da maƙwabta ke gane ya dawo daga kasuwa ba tare da sun ji sallamarsa ba. Abokansa na tsokanarsa wai babbar mota ce ta maƙale a yashi. Mu kuwa alfahari muke yi, muna cewa barcin ƙosasshe ke nan, barcin wanda babu haƙƙin kowa a kansa. Yakan yi ta ja, yana ja, sai ka ji ɗif. Shiru. Can sai ya shaƙo iska da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ya ci gaba. Da rana kuma gyangyaɗi, har a tsakiyar ciniki, hannunsa cikin na mai saye. Ba wanda ya taɓa kiran wannan ciwo. Ana nan, ana nan, hawan jini ya kama shi, ɓarin jikinsa ya shanye, Allah Ya karɓi abinsa. Bayan na fita takaba na dawo Gumel gidansu na gado, muka zauna ni da Gwaggo, tsofaffi biyu, ɗaki na kallon ɗaki.

A lokacin Malama ta riga ta zama mai koyarwa a jami'a, can birni. Ta yi aure, auren bai yi tsawon rai ba, ta koma kan aikinta. Aikin kuwa shi ya zama abin hira a unguwarmu, don an ji cewa ɓeraye take kiwo. Mata na zuwa ɗiban wuta su tambaya da murmushi ko likitar ɓeraye na lafiya, ko an samu ƙaruwa a garken. Gwaggo kan tashi musu kamar zakanya, amma in Malama ta zo hutu ita ce ta farko wajen tsiya. Takan ce mu nan muna roƙon aron kyanwa, ke kina can kina dama musu kunu.

Gwaggo kunnenta ya fara nauyi tun a wancan lokaci, sai an ɗaga murya. Wannan ya yi wa Malama daɗi ta wata fuska. Tunda ba za ta zauna gabana ta yi mini hira ba, sai ta zauna gaban Gwaggo ta buɗe murya, ni kuma ina gefe ina kaɗi ko ina gyaran zogale kamar ba na ji. Da Gwaggo take magana, kunnena take nema. Duk abin da na sani na aikinta ta haka na san shi.

Ta ce shirun nan na babanta ne ya hana ta sakat tun tana yarinya, in ta zo mana hutu. Ta ce ba hutawa yake ba, maƙogwaro ne ke rufewa, mutum na shaƙe kansa yana barci, zuciya na wahala ba wanda ya sani. Ta ce abin ya fi kama maza, mata sai bayan sun daina al'ada, ita kuma dalilin haka take nema. Wai jikin namiji da na mace kowanne akwai ruwan da yake haɗawa, ba jini ba ne amma a cikin jini yake yawo. Shi ke ba bunsuru gemu da wari, shi ke gaya wa akuya lokacinta ya yi. Zatonta, ruwan mace kamar mai gadi ne a ƙofar numfashi: in barci ya yi nauyi numfashi ya so kasala, sai ya zungure shi. Na namiji kuwa bai iya gadin ba. Ta ce zato ne, ba ta rantse ba tukuna, shi ya sa take tara ɓeraye, maza da mata, wasu a bar su yadda Allah Ya yi su, wasu mazan a fiɗiye su, wasu matan a cire musu inda ƙwan haihuwa ke kwana, sannan ta zauna ta ga numfashin wa ya fi tsayawa a barci.

Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, “Wato har ɓera kike mayarwa taure?”

Malama ta yi dariya har da hawaye. Ni ma sai da na shiga madafa na yi tawa.

Sau ɗaya na ga ɓerayen nan da idona. Shekarar da aka yanke mana jiha ne, ana ta murna, motoci na ta wucewa Dutse da kayan ma'aikata, mu kuwa muna hanyar asibitin birni. Ƙari ne ya fito wa Malama a mahaifa, ya yi girma, likitoci suka ce sai an cire mahaifar da duk abin da ke tare da ita. Gwaggo ce mai jinya. Ni rakiya na yi, na tsaya daga bakin ƙofa. Kafin a kwantar da ita ta ce sai ta nuna wa Gwaggo dabbobinta. Muka shiga wani ɗaki mai warin dusa. Farare ne tas, idanunsu ja kamar dutsen tsakiya na ado, ba irin namu na rumbu ba. Ta sa ɗaya a cikin wata kwalba mai faɗi, ya zagaya, ya dunƙule, barci ya ɗauke shi. A gefe wata allura na zane a kan takarda mai tafiya, sama da ƙasa, sama da ƙasa, kamar haƙoran zarto. Muna tsaye sai zanen ya miƙe sambal kamar titin Maigatari. Ya ɗan jima a miƙe, sannan ya koma haƙoransa. Ta ɗora yatsa a wurin ta ce da ƙarfi, Gwaggo, kin ga shirun Baba. Ta ce ɓera ba ya minshari, shi nasa shirun kawai yake yi, wannan kuwa mace ce da aka cire wa ƙwai.

Gwaggo na can tana toshe hanci da mayafi. Ni na kalli takardar, na kalli wadda za a kwantar gobe a cire mata abin da ta cire wa ɓeran, ita ma ta kalle ni ta gefen ido. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Aiki ya yi kyau, ta tashi. Amma kafin shekara ta zagayo jiki ya buɗe mata, wuya ya cika, hawan jini ya shigo. An rubuta mata wasu ƙwayoyi masu maye gurbin ruwan da ta rasa, sai dai samunsu sai an yi sa'a. Wani direba kan kawo mata daga Damagaram, da rubutun Faransanci a jikin kwalin, wani watan ya samu, wani ya dawo hannu rabbana. Ta ce a ƙasashen Turawa akwai injin da ake ɗaura wa mutum a hanci yana tura masa iska, sannan ta yi dariya ta ce ko an ba ta kyauta da wace wutar za ta kunna shi.

Da malaman jami'a suka shiga dogon yajin aiki sai ta tattaro ta dawo gida hutawa. Ranar farko bayan azahar ta shiga ɗaki ta kwanta, zafi ya hana kowa motsi, kaji ma sun shige ƙarƙashin rumbu. Sai na ji shi. Minsharin mahaifinta, sak, daga ɗakin 'ya mace. Ja, ja, ja, ɗif.

Har Gwaggo mai nauyin kunne ta ji ƙarar, ita kuwa abin da ya dame ta daban ne. Namiji ya yi minshari a ce ƙoshi, mace ta yi a ce abin kunya. Ta shiga tunanin me maƙwabta za su ce, wane namiji zai nemi bazawarar da ake jin barcinta daga zaure. Ta ɗaura mayafi ta nufi wajen wani malami a Gagarawa da aka ce yana da laƙanin abin, ta dawo da rubutun sha a galan da laya. Malama ta karɓa ta sha don kada ta ɓata mata rai, ta ce ai ayar Allah ba ta cutarwa. Amma ta zaunar da ita ta yi mata bayani da babbar murya. Ta ce ƙarar ba ita ce abin tsoro ba, muddin ana jin ƙara to iska na wucewa. Shirun shi ne mugu. In an ji ta yi shiru ya daɗe, a tashe ta, ko da duka ne. Gwaggo ta gyaɗa kai ta ce to, to, sannan ta juyo gare ni ta ce yaran boko ke nan, an samo musu magani suna gardama, yo ba shirun muke nema ba?

Ni dai na ji abin da aka aiko mini.

Shiga ɗakinta in zauna a kanta ba abin da zan iya ba ne, taɓa ta in tashe ta balle. Sai na mirgina turmi na kai shi ƙarƙashin tagarta. Kullum in ta shiga kwanciyar rana sai in zuba gero in ɗauki taɓarya in tsaya. Tana ja, ina tsaye. Ta yi ɗif, sai in fara Fatiha a zuci. In na kai amin ba ta shaƙo ba, sai in saki taɓarya da iyakar ƙarfina. Turmi ya amsa, ita ma ta amsa daga ciki da wannan shaƙar ta wanda ya nutse, ta juya, ta ci gaba. Da dare a jingine take kwana da buhun gero a bayanta, ni kuma na mayar da tabarmata jikin bangonta, buta na kusa da hannuna in ta kama a yar da wani abu ƙara ta tashe ta. Haka muka yi wata da watanni.

Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga wata rana ta ce, Amarya, wane irin daka ne wannan, bugu ɗaya a tafi Makka a dawo? Na ce tsufa ne, hannu sai da lallashi. Geron gidan nan kuwa ya daku har ya gaji. Da gero ya ƙare na daka kuka, na daka kanwa, na daka turmi ba komai a ciki.

Wata la'asar ta fito tana ɗaura ɗankwali, idonta ya washe, ta tsaya kusa da Gwaggo, amma wannan karon ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Gwaggo, ki ce wa mai turmin nan Allah Ya saka da alheri.” Gwaggo ba ta ji ba, tana ta ƙulla daddawarta. Ni na sunkuya ina kwashe gari, na ce wa kazar da ke gabana amin.

In na dubi Gumel ta yau nakan ce ko me za ta ce da ta ga wannan zamani. Babura sun cika gari, yaro bai kai ya riƙe garma ba ya riƙe kan acaɓa. Mai ya zama na kwalba a bakin titi. Sojoji sun ce sun koma bariki, an ce Maigatari za ta zama babbar kasuwar ƙasa da ƙasa, manyan motoci sun ninka. Na san ba wannan za ta kalla ba. Direbobin za ta kalla, masu kaurin wuya da ke kwance ƙarƙashin motocinsu da rana tsaka, ta tsaya ta kasa kunne, ta ce wannan kada a bar shi ya hau titi. Jikokina mata kuwa, 'ya'yan ɗana Sani, ƙanin Malama, kowacce da jakar makaranta, kuma ina ganin uwarsu na rungume 'yar farinta a gaban mutane tana kiran sunanta gatsal. Da farko abin na ba ni kunya. Yanzu in na gani sai in kawar da kai, ba don kunya ba.

Ɓerayen ne suka mayar da Malama birni. Saƙo ya zo cewa mai ba su abinci ya gaji da jiran albashi ya tafi ƙauyensu, wata abokiyar aikinta ce, Rifkatu, Kirista 'yar wajen Filato, ke ɗan leƙa su, ita ma ga nata yaran. Malama ta ce aikin shekaru ne, saura ƙiris ta ga ƙarshensa, in suka mutu sai ta koma farko. Ba wanda ya iya tsayar da ita. Sai ta zauna gaban Gwaggo ta ce, da murya sama, tana son a ba ta wanda zai je ya zauna da ita, mai kunne, wanda barcinsa ba nauyi.

Duk wanda ke tsakar gidan ya san wa take nufi. Gwaggo ma ta sani. Ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, “Wa ya goya ki? Wa ya yi jinyarki a asibiti? Yau ne na zama ba ni da kunne?”

Sani ya so ya sa baki, baffansu ya harare shi. Aka ce ina aka taɓa ganin uwa ta tare a gidan 'yar fari, mariƙiyarta na raye, ai mari ne a fuskar Gwaggo a bainar jama'a. Gaskiya suka faɗa, haka abin yake a wurinmu. Ba zagin al'ada na zo yi ba, ita ta raine ni, ita ta ba yarinyar nan uwa ta biyu da ta fi ta farko ƙarfin hali. Ina dai faɗin yadda aka yi. Malama ta sunkuyar da kai ta ce, to, Gwaggo. Aka tsayar Gwaggo ce za ta bi ta. Na ƙulla musu kuka da daddawa da garin kunu. A bakin mota ta ce, Amarya, sai mun dawo. Na ce wa ƙasa Allah Ya kiyaye hanya.

Ba su cika wata biyu ba.

Yadda abin ya faru daga bakin Gwaggo muka ji, a zaman makoki, mata cike da tsakar gida. A can aka binne ta, don zafi ba ya jira. Rifkatu ce ta rako Gwaggo har Gumel, ta zauna cikinmu da ɗan gyalenta, idanu sun kumbura. Gwaggo ta ce kafin su tafi ta sake karɓo rubutu, kullum tana ba ta. Ranar nan Malama ta dawo daga wurin dabbobinta, ta yi azahar, ta kwanta. Gwaggo na bakin ƙofa da carbi, tana jin ƙarar sama-sama yadda ta saba. Sai ƙara ta ɗauke. Ta kasa kunne, shiru. Ta leƙa, ta gan ta kwance lumui, fuska a sake. Ta ce tun da aka yi wa yarinyar nan aiki ba ta ga ta samu barci irin wannan ba. Ta ja ƙofa a hankali, ta shimfiɗa ɗankwali ta yi sujadar godiya, rubutu ya ci. Can Rifkatu ta zo su koma aiki tare, Gwaggo ta tare ta a ƙofa da yatsa a baki, ta ce yau dai a bar mata 'ya ta huta. Rifkatu ba ta san da maganar shirun ba, don Malama ba ta son 'yan wurin aiki su san tana minshari, ta juya ta tafi. Sai da aka kira la'asar, aka idar, Gwaggo ta shiga tashinta salla.

Gwaggo ta share hawaye ta ce wa matan, Allah Ya yi mata gata, ya yaye mata abin kunyar nan kafin ya ɗauke ta, ta tafi cikin barci mai daɗi, mutuwar salihai. Mata suka ce Allahu akbar, barci ƙanin mutuwa. Na ɗaga ido, muka haɗa da Rifkatu, wadda likitan da ya duba gawar ya riga ya yi wa bayani. Ta girgiza mini kai kaɗan. Baiwar Allahn nan har ta koma ba ta furta kalma ɗaya da za ta sosa tsohuwar ba. Da dare ya yi na kira Sani na ce duk wanda ya gaya wa Gwaggo abin da shirun nan yake nufi, ban yafe ba. Ko an tashe ta za ta tashi, ko kwananta ne ya ƙare ko da turmi goma, wannan Allah kaɗai Ya sani. Abin da na sani, tsohuwar da ba ta da kowa a duniya sai yarinyar nan ba za ta iya ɗaukar wannan kaya ba.

Haka muka zauna. Duk shekara in lokacin ya zagayo Gwaggo kan sa a yi waina a raba, ta zauna ta sake ba da labarin barci mai daɗi, ni kuma in ce haka ne, Yaya. Shekara ta farko kalmar kamar garwashi take a bakina. Daga baya na saba, yadda ake sabawa da ƙaya a tafin ƙafa.

Ɓerayen ban san ƙarshensu ba, ban kuma tambaya ba; na daɗe ina jin haushinsu, halittun da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Takardunta sun zo a akwati biyu, ba mai karanta su a gidan nan, gara ta yi musu karatun da za ta yi. An ce mini a wasu ƙasashe akwai masu bin irin sawun da ta bi. Allah Ya ba su sa'a, su gano mai gadin nan, su san yadda za a mayar da shi bakin ƙofa in ya tafi. Ita dai ba ta kai ga rantsuwar da take so ta yi ba. Babu gini da sunanta, babu ɗa, kabarinta ma ban san ta ina yake kallo ba.

Abin da ya rage kunne ne. Ta bar mini kunnen da ba ya hutawa. Kwanakin baya a motar Gagarawa wani Alhaji da ban sani ba ya yi barci kusa da ni, yana ja, yana ja, ya yi ɗif. Ban san lokacin da na zungure shi da sandata ba. Ya farka a fusace ya ce, Iya, lafiya? Na ce lafiya lau, ɗana, in ka sauka ka je a auna jininka, ka kuma gaya wa likita yadda kake barci. 'Yan mota suka yi ta dariya. Su yi. Matan unguwa da ke tambayar garken ɓeraye, yanzu su ke zuwa a ɓoye su ce mini maigidansu na yin shirun nan, ko su ce su da kansu tun da al'ada ta ɗauke. Ba ni da magani. Nakan ce a kwanta ta gefe, a je asibiti, kuma kada a ja wa mai shiru ƙofa.

Ban taɓa faɗin labarin nan a waje ba sai bana, don bana ne wadda nake ɓoye wa ta tafi. Da damina Gwaggo ta kwanta, tsufa ne kawai, ba wani ciwo. Kunnen ya rufe gaba ɗaya, sai da hannu muke magana. Wata rana da hantsi ina ba ta kunu, ta kawar da ludayi, ta riƙe wuyan hannuna.

“Amarya,” ta ce, “ranar nan ba rubutu ne ya ci ba.”

Na buɗe baki in ce haka ne ko ba haka ba, na tuna ba ji za ta yi ba. Ta ce kada in wahalar da kaina. Ta ce tun da ta taɓa ƙafarta ta ji sanyi maganar yarinyar ta dawo mata, kalma bayan kalma, har da ko da duka ne. Ta ce ta ga mun haɗa baki muna lulluɓe ta, ni da Sani da baƙuwar nan, sai ta ce bari ta bar mu, kada wahalarmu ta tafi a banza. Labarin barci mai daɗi kuwa, ta ce, don ni take ba da shi duk shekara, ko zan samu abin riƙewa.

Shekara bakwai, tsofaffi biyu, ɗaki na kallon ɗaki, kowacce na riƙe da bakin zane tana rufe 'yar'uwarta.

Sai ta matse hannuna ta ce, “Ki yafe mini 'yarki.”

Tun daga ranar da aka ɗora mata yarinyar nan a baya, babu mahaluƙin da ya taɓa duban idona ya ce da ni 'yarki. Na sa bakina a kunnenta, kunnen da na san ba ya ji, na ce, “Tamu ce, Yaya. Ke kika goya.” Ban sani ba ko ta ji, ko iskar bakina kawai ta ji. Ta dai saki hannuna, ta nuna ludayi, na ci gaba da ba ta kunu.

Ba ta ga kaka ba. Allah Ya jiƙan Malama, Ya jiƙan wadda ta goya ta, Ya sa suna wuri ɗaya. Wanda ya karanta wannan ya sa su a addu'a su biyun, kada ya raba.